Sharar 'Yan Laɓe

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Hajiya Zakiya ta ce za a yi shara. Ita ke riƙe da Zauren Gishiri, guruf ɗinmu na wasap, tana Kaduna tana mulkinmu kamar ita ta haife mu. Na ce "mu", ni da ban taɓa cewa uffan a ciki ba. Sanarwar ta shigo ina tsakiyar ɓamɓare sikirin ɗin wata waya a shagona na Circle, nan Accra, saura ƙiris in fasa wa mutane kaya.

Ta ce ta gaji da 'yan laɓe, masu karantawa su share baki su tafi ba ko sannu, wasu ma kwashe babi suke yi suna kaiwa wasu zauruka. Daga yau zuwa Juma'ar sama, duk wanda bai yi sharhi ba za ta yi waje da shi. Kuma ba rubutu take so ba, saƙon murya take so, don ta tabbatar akwai mutum a bayan kowace lamba.

Ni ba don littafin na shiga ba, ko da yake yanzu ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Wani mai kiran kansa Mai Fitila ke rubuta shi, ba wanda ya san ko Kano yake ko Maraɗi. Litinin da Alhamis ya jefo babi ya ɓace, ya bar jama'a suna ta cacar baki a kan sojojin da wani sarki ya sassaƙa da gishiri. Na shiga ne don a can kaɗai nake jin muryar Mardiya. Tana Kuwait, aikin gida. Tun bayan addu'ar arba'in ɗin uwarta ta toshe lambata, da ta kawunta Moro, da ta duk wanda ya zauna ƙarƙashin kanofin zaman makokin nan. A zauren sunanta 'Yar Nima, kuma ta fi kowa baki.

Layin da na shiga da shi sabo ne, ba hoto, ba suna. Idan na yi shiru za a cire ni. Idan na buɗe baki, 'yata ce, ko tari na yi za ta gane ni.

Talata, 6 ga Mayu, kafin azahar

Ta yi magana. Wajen wannan lokacin take yi kullum, idan matar gidan ta kwanta barcin rana a can. Na sa abin kunne, na juya wa kwastoma baya.

Ta goyi bayan sharar. Ta ce wallahi Anti Zakiya ta yi daidai, mutum ya zauna yana jin sirrin kowa ba a san fuskarsa ba, ai wannan rashin kunya ne. Na yi dariya ni kaɗai har Mashud, maƙwabcina mai sayar da caja da kwalin waya, ya leƙo yana tambaya ko aljanu ne.

Hausar Kano take yi musu, wadda ta koya a fim da littattafai, tana lanƙwasa harshe kamar ba a bakin gotar unguwar Nima aka yanke mata cibiya ba. Amma da ta ɗauki zafi sai ta gida ta kuɓuce mata, kowace mace ta koma "ya", 'yan Kano su yi ta tsokanarta. Ni nan ne na fi so. Yau na ji ƙarar injin wanki a bayanta, da wani yaro yana kuka da Larabci. Ba ta yi tari ba, na makon jiya ya tafi.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Ruwa tun rana. Circle ta cika da ruwa, na ɗora kaya a saman kanta na rufe da wuri. Tirotiro ɗin da na shiga, motar hayarmu, ya maƙale a Kawukudi, a nan na karanta babin yau, ruwa na ɗiga a kafaɗata.

Damina ta kusa a littafin ma. Barde, tsohon sojan gishirin da ke gadin yarinyar nan Inno, hannunsa na hagu ya fara narkewa, yana ɓoye shi cikin riga kada ta gani. Duk zauren kuka suke yi masa. Ni haushi nake ji. Garin da ke da majema da masu man kaɗe, a rasa mai hankalin da zai ɗinka wa bawan Allah rigar fata ya shafe ta da mai? Wata nawa ina riƙe da wannan maganar a ciki. Duk wanda ya taɓa buɗe wayar da ta faɗa gota ya san ba a jira ruwa ya shiga sannan a nemi dabara.

Kafin ta tafi, Mardiya ce ke karanta wa uwarta Awabu littafin nan a tsakar gida, ni ina gefe da rediyo ina cewa shirme ne, aljanu da takubba, aikin marasa aikin yi. Awabu takan ce, to ka rage rediyon mana tunda shirmen kake saurare. Ta san ni.

Na dawo na tarar ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Na share. Gefen gadon da ba kowa ne ya jiƙe.

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Saura mako. Ban ci kokon ba, na ba Mashud.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan azahar

Abibata ta kawo mini tuwo. Ƙanwar Awabu ce, ita kaɗai ta rage mai shigowa ɗakin nan ba sallama. Ta same ni da abin kunne, ta tsaya a kaina har na cire. Ban san abin da ya sa na gaya mata ba. Wataƙila don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"Yaya Mufta, kai da girmanka kana laɓe wa ɗiyarka kamar ɓarawon kaza?"

Na ce ba laɓe ba ne, ina duba lafiyarta ne.

"Lafiya? Kun binne uwarshi, kai da Yaya Moro, kun bar yarinya yana aiko gaisuwa. Kullum ya ce a ba Umma waya, ka ce yana barci. Gobe ka ce ya tafi asibiti. Jibi ka ce makogwaro ke mishi ciwo. Da wannan bakin naka. Yanzu kana mamaki ba ya son jin muryarka?"

Na ce ta rage murya, gidan haya ne.

"Duk Maamobi sun sani, wa ya rage?"

Manya ne suka zauna suka yanke, ba ni kaɗai ba. Yarinya ita kaɗai a gidan mutane, fasfonta a hannunsu, ba ta da ko wanda zai riƙe ta idan ta faɗi. Tun kakanninmu ba a jefa wa na nesa mutuwa haka kawai, ana jira a samu mai zama kusa da shi. Mun so mu samu wata 'yar Ghana a can ta je ta same ta. Da ba don waccan matar mai ɗan karen son ɗora hoto ba, da ta ɗauki kanofi da kujeru da sunan Awabu rubuce ɓaro-ɓaro ta sa duniya ta gani, da abin bai zo ta haka ba.

Abibata ta tsaya sai da na ci loma uku sannan ta tafi. Miyar ta yi gishiri, ban faɗa mata ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

'Yan laɓe sun fara fitowa daga rami. Ashe muna da yawa. Wani direban tanka daga Agadez, wata nas daga Jos da ta ce a ɗakin haihuwa take karantawa, wani malamin makaranta daga Kumasi da ya yi sallama ta minti biyu bai ce komai a kan littafin ba, Hajiya Zakiya ta ce ya sake. Wata yarinya murya na rawa ta ce shekara biyu tana ciki, tsoro take ji kada a yi mata dariya. Mardiya ce ta fara amsa mata. Ta ce, "'Yar uwa, ni da na zo nan ko gaisuwa ban iya ba, ki saki jiki, nan gida ne."

Na maimaita wannan saƙon har batirina ya yi ja. Haka uwarta ke yi wa baƙi.

Na haɗu da Yaya Moro a masallaci. Ya tambaye ni ko akwai labari daga can. Na ce babu. Ya ce yara ne, za ta huce, mun yi abin da ya dace. Na ce haka ne. Ya fara zancen kuɗin ragon layya, na ce ina da kwastoma.

Talata, 13 ga Mayu, da rana

Dabara ta zo mini ina cikin sallar walha, Allah ya yafe. Mardiya ba ta san Mashud ba, bayan tafiyarta ya kama shagon. Na ja shi bayan kanta na yi masa bayani sama-sama, ban ce 'yata ba, na ce wani guruf ne ba na so a san ni.

"Cale, Alaji, wannan ba wahala ko kaɗan. Kawo waya."

Na ba shi labarin Barde da Inno a taƙaice. Ɗaukar farko ya ce sojan sukari. Ta biyu ya fashe da dariya a tsakiya. Ta uku wani mai tura baro ya zage shi da Twi ya rama, duk ya shiga. Na kusa kwaɗa masa abin narka dalma. Can dai ya nutsu ya yi mai kyau: "Salamu alaikum jama'a, ni ɗan uwanku daga Accra. Wannan Barde mutumin kirki ne pa, Allah ya tsare shi da ruwa. Na gode." Gajere, ba abin da za a kama. Hajiya Zakiya ta karɓi waɗanda ba su kai wannan ba.

Yana cikin wayata. Na ce sai gobe in tura.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan magariba

Ban tura ba.

Na biya wajen Abibata inda take sayar da wake da shinkafa a bakin titi, na sa mata a kunne ta ji. Na ɗauka za ta yaba mini, ko ta yi dariya. Ta cire abin kunnen ta goge shi da zanenta ta miƙo mini.

"Wancan karon da bakinka. Wannan karon da bakin wani. To, ka ci gaba."

Na ce me take so in yi, in bari a kore ni?

"Ni ban ce komi ba. A sa maka yajin shito ko kar a sa?"

Na ce ta bar abincin. Na taho ƙafa har gida don kada in zauna kusa da kowa a mota. Matar nan bakinta kamar reza, yayarta ba haka take ba. Ko da yake Awabu ma da ta ce wani abu makamancin haka, sai dai ita za ta bari sai na ƙoshi.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Inno ta gano hannun Barde. Ta ɗaga rigar ta ga babu komai daga gwiwar hannu zuwa ƙasa.

Zauren ya rabu biyu. Masu cewa don yana sonta ya ɓoye, da masu cewa ba haka ake so ba. Mardiya ta yi dogon saƙo, mafi tsawo da na taɓa ji daga gare ta. Hausar Kanon ta zube tun daga farko. Ta ce, "Ku bar cewa so. Ya duba yarinyar nan ya yanke cewa ba ya iya ɗauka. Wa ya tambaye shi? Da ya sani da wuri, ko ruwa ɗaya ya tare mishi da hannunshi." Ta ce wasu abubuwan. Ba zan rubuta su ba. A ƙarshe muryar ta karye, ta ce tana zuwa, ana kiranta. Ban ji an kira ta ba.

Labari ne kawai na sojan gishiri. Wani mutum ne a ɗakinsa yake ƙirƙira.

Na goge saƙon Mashud. Na gaya masa wayar ce ta cinye shi, ya ce a sake, na ce ya bari.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Na yi.

Ban koma shago ba, na wuce gida, na rufe ƙofa da taga don hayaniyar yara. Na zauna bakin gado. Na danna maɓallin ɗaukar murya, na fasa. Na sha ruwa, na sake.

Na ce, "Salamu alaikum 'yan Gishiri. Sunana Muftahu, daga Maamobi, Accra. Mai gyaran waya ne ni. Na daɗe a cikinku, ku yafe mini shirun." Daga nan na zuba musu maganar rigar fata da man kaɗe, duk abin da na tara, har da cewa da Barde ya zo shagona da tuni na naɗe shi da leda. Ban ambaci kowa ba. Ban ce komai a kan ɓoye hannun ba. Na saki maɓallin, ya tafi.

Kafin in ajiye wayar zauren ya kama da wuta. Dariya, dariya. Direban Agadez ya ce a naɗa ni Sarkin Majema. Hajiya Zakiya ta ce ashe dattijo ne da mu muke ta shashanci a gabansa, daga yau Baba Mufta ne uban zaure. Har Mai Fitila, wanda ba ya tanka wa kowa, ya fito ya rubuta, "Baba ya kama ni." Mutane suka yi ta kabbara kamar an ga wata. Mardiya ta shekara nawa tana neman mutumin nan ya amsa mata ko da kalma ɗaya.

Idan ka danna saƙonka ka riƙe, wayar za ta nuna maka waɗanda suka saurara. Na danna. Na yi ta jan sunaye. Tana ciki.

Ba ta ce komai ba. Ba ta fita ba kuma. Na zauna ina jiran ɗaya daga cikin biyun har aka kira la'asar.

Asabar, 17 ga Mayu, kafin azahar

An yi sharar jiya da yamma, mutum da yawa sun tafi. Ina ciki. Tana ciki. Lokacin barcin matar gidan ya zo ya wuce.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Sabon babi. Tun kafin in gama karantawa ake kirana, Baba Mufta ina sharhi, Baba me za a shafa wa doki. Na yi musu. Na iya, ashe. Na faɗi abin da ke raina game da sarkin, matsoraci ne mai tura gishiri yaƙi shi yana cikin inuwa. Suka yi ta tafi.

Ta saurara. Sunanta na fito cikin na farko-farko ma.

Na gaya wa Abibata, na ce kin ga, tana ji na. Wata nawa ba ta ji muryata ba, yanzu tana ji. Abibata ta ce, "Shi fa? Ya yi magana?" Na ce tukuna. Ta ci gaba da zuba wa wani taliya a ganye.

Na yi murna yau, zan rubuta haka. Na sayi kifi na ci shi duka.

Laraba, 21 ga Mayu, da rana

Ba ta yi magana ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan magariba

Mai Fitila ya sa an ɗinka wa Barde rigar fata. Wallahi. Wata tsohuwar majemiya ta fito daga babu ta shafe ta da man kaɗe, kamar yadda na faɗa. Zauren ya haukace, ana ta turo mini hoton rawani. Da a ce watan jiya ne aka gaya mini haka da na ce ƙarya ne.

A tsakiyar shagalin nas ɗin Jos ta ce, wai ina 'Yar Nima ne? Sai kowa ya tuna. Yarinyar nan mai rawar murya ta ce ta yi mata magana ta gefe ba ta amsa ba. Wani ya ce ko data ce ta ƙare. Wani ya ce, Baba Mufta, ai ku 'yan gari ɗaya ne, ba ka san gidansu ba?

Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge. Na tura hoton hannu biyu na addu'a kamar kowa.

Ba na sanin ko tana tari. Ba na jin injin wankin, ba na jin yaron. Dā ina auna gajiyarta daga yadda take jan numfashi kafin ta fara magana. Yanzu suna ne kawai a cikin jerin sunaye, da lokacin da ta danna.

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Raguna sun fara sauka a Kawukudi. Awabu ce mai zaɓe, ni biya kawai nake yi ina mita.

Na yi sharhin da ba wanda ya nema, a kan takubban littafin. Ta saurara.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan azahar

Ba ta yi magana ba. Ruwa kuma.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Jiya Hajiya Zakiya ta tuna wa mutane cewa dokar tana nan, shiru ya yi yawa a fita, ba sani ba sabo. Na rubuta mata ta gefe, na ce don Allah kada ta taɓa 'Yar Nima, akwai dalili. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira ni. Na fita bayan shago inda janareta ba ya damu.

Muryarta a waya ba ta kai ta zauren kaifi ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, na san dalilin. Ta rubuto mini tun ranar Juma'ar da ka yi magana."

Na ce to.

"Na tambaye ta ko in cire ka. Ta ce a'a, ubanta ne, ba za ta sa a kore ka a gaban mutane ba. Na ce to ta dawo ta yi magana. Ta ce ta gwada, ta ɗauka ta goge, ta ɗauka ta goge. Ta ce ba za ta iya buɗe baki kana ji ba."

Na ce amma tana saurarena, ina gani.

Ta ce, "Tana saurare, Baba. Ban san me za ka yi da wannan ba. Abin da na sani, a gidan da take ba mai jin Hausa, ba mai jin Twi. Ta taɓa gaya mini akwai ranar da daga asuba har ta kwanta, in ka cire 'to, madam', sharhin nan ne kaɗai maganar da ke fita daga bakinta. Yau kwana nawa ke nan."

Wani yaro ya zo wucewa da tiren ruwan leda, na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Ni ba zan cire ta ba, ba zan cire ka ba. Ku kuka san tsakaninku. Allah ya jiƙan mamarta."

Na ce amin. Na koma ciki na ƙona allon wayar wani, karo na farko cikin shekaru. Mashud ya karɓi abin daga hannuna ya ce in tafi gida.

Laraba, 28 ga Mayu, kafin azahar

Na yi tunanin in yi musu bankwana. Har na shirya abin da zan ce, in gode wa Mai Fitila, in ce ido ne ke damuna, likita ya hana ni waya. Sai na ji ba na son ƙara ko ɗaya irin wannan. Na yi tunanin in ce wani abu gare ta kai tsaye, da sunanta. A gaban mutum ɗari da wani abu? A zauren nan, ɗakin da ya rage mata kaɗai?

Na jira sai daf da lokacin da matar gidan ke kwanciya, don ta gani da wuri. Na buɗe zauren, na gangara ƙasa inda aka rubuta da ja. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Wayoyin nan da son tambaya.

Na fita.

Na gyara caji uku da lasifika ɗaya. Na ci abinci wajen Abibata, na gaya mata. Ta ƙara mini ƙwai ban nema ba. Zuciyata tana mini ciwo, irin na ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Yau ranar babi. Ban san ko rigar ta riƙe ruwan ba.

Wajen azahar saƙo ya shigo daga Hajiya Zakiya. Ta rubuta, "Ta dawo. Ta cika mana kunne, tana ta faɗa da direban Agadez a kan Inno."

Na rubuta, alhamdu lillahi. Na tambaye ta ko tana tari. Ta ce ba ta ji ba. Na tambaye ta ko ta yi dariya. Ta ce ta yi, sosai ma, har ta shaƙe.

Sai ta rubuta, "In turo maka, Baba? Ba wanda zai sani."

Na daɗe ina kallon wannan layin. Wani kwastoma ya gaji da tsayuwa ya tafi shagon gaba. Na rubuta mata, a'a Hajiya, kada ki turo, na gode.

Na ajiye wayar a kan kanta, fuskarta sama, na zauna kusa da ita ko Hajiya za ta ƙi jin maganata. Ai ba ta saba jin ta kowa ba.

Ba ta turo ba.